Shin Babban Jojin jiha a Amurka zai iya sakin ƙanena idan aka kai masa wasiƙa?

Tambaya: Ina zaune a Greensboro, jihar Karolina ta Arewa. Kwana shida ke nan da babbar kotu ta yanke wa ƙanena hukuncin ɗauri, kuma muna tsoron idan ya fito a mayar da shi gida. Wani ɗan uwanmu ya ce ya yi wa Babban Jojin jihar aiki lokacin zaɓe, kuma idan muka haɗa dala dubu uku zai kai masa wasiƙarmu hannu da hannu. Mahaifiyarmu ba ta barci. Wane ne wannan Babban Joji, kuma yana da wannan iko?

Amsa: Malam, Allah ya kawo muku sauƙi. Kafin komai, kada ku ba mutumin nan ko sisin kwabo, kuma ka lura da cewa kwana shida sun riga sun tafi daga cikin kwana 14 da dokar jihar ta ba wanda babbar kotu ta yanke wa hukunci a shari'ar laifi domin ya sanar da ɗaukaka ƙara.

Babban Jojin da kake tambaya a kansa shi ne Paul Newby, wanda ya tashi a Jamestown, nan kusa da ku, abin da ya sa da'awar saninsa take da sauƙin sayarwa a Greensboro. Ya yi kusan shekara ashirin yana mataimakin lauyan gwamnatin tarayya a Raleigh, daga 1985 har zuwa 2004 da aka zaɓe shi alƙalin Kotun Ƙolin jihar, aka sake zaɓensa a 2012. A 2020 ya kayar da Babbar Jojin da ke kan kujera, Cheri Beasley, da ƙuri'a 401 kacal daga cikin sama da miliyan biyar.  A jihar nan alƙalan Kotun Ƙoli takara suke tsayawa a ƙarƙashin jam'iyya, wa'adinsu shekara takwas. Saboda haka mai yiwuwa ne ɗan uwanku ya taɓa raba takardun yaƙin neman zaɓe, har ma yana da hoto a waya. Dubban mutane suna da irin wannan hoto.

Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya, kuma kusan kowane mako sai na ji shi daga bakin mutanenmu, shi ne tunanin cewa Babban Joji sarki ne mai zaman fada, wanda ake kai wa kuka ta hannun na kusa da shi, ya ce a saki wane, a sake shi. Kotun Ƙolin jihar tana da alƙalai bakwai, kuma idan an zo yanke hukunci ƙuri'a ɗaya Babban Joji yake da ita, daidai da alƙalin da ya shigo jiya. Newby da kansa shaida ne. A watan Fabrairun 2022, yana kan kujerar shugabanci, kotunsa ta soke taswirar mazaɓun da majalisar jihar ta zana da rinjayen huɗu da uku, kuma shi yana cikin ukun da aka rinjaya. Abin da ya iya yi shi ne ya rubuta ra'ayinsa na rashin amincewa. Sai da zaɓen ƙarshen 2022 ya sauya alƙalai, sannan a watan Afrilun 2023 sabon rinjaye na biyar da biyu ya juya hukuncin. Mutumin da bai iya tilasta wa abokan zamansa shida ba a shari'ar da duk jihar ta zuba wa ido, ta yaya wasiƙa a ambulan za ta sa ya buɗe ƙofar gidan yari?

Ikonsa na musamman na gudanarwa ne. Shi yake naɗa daraktan ofishin da ke kula da harkokin kotunan jihar, shi yake zaɓar shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara da shugabannin alƙalan kotunan gunduma, kuma a lokacin annobar korona a watan Maris na 2020 Beasley ce ta ba da umarnin ɗage yawancin zaman kotuna. Babban iko ne, amma babu inda ya haɗa da cusa hannu cikin fayil ɗin wani fursuna.

Ita kanta wasiƙar matacciya ce tun kafin ta bar hannunku. Ƙa'idar aikin alƙalai ta hana su sauraron ɓangare ɗaya a bayan idon ɗayan a kan shari'ar da ke gabansu ko wadda za ta iya zuwa gabansu, don haka alƙali ba zai yi aiki da irin wannan takarda ba. Idan kuma aka haɗa ta da kuɗi da nufin sauya hukunci, sunanta cin hanci, kuma kai da ka bayar kana iya shiga cikin tuhuma, ka ƙara wa mahaifiyarku ɗa na biyu da za ta riƙa yi wa kuka. Na sha ganin iyalai da suka sayar da mota, suka karɓi adashi, suka miƙa wa irin waɗannan dillalai, ana ta ce musu "an kai, ana dubawa", har wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce suna jiran waya. Abin takaicin shi ne mai cutar ba baƙo ba ne. Da harshenmu yake magana, a sahu ɗaya muke salla, shi ya sa ake jin nauyin tambayarsa rasit. Wanda ba lauya ba ne kuma yake karɓar kuɗi domin aikin lauya a jihar nan, shi ma laifi yake aikatawa.

Batun mayar da ƙanenka gida ma ba na jiha ba ne sam. Shige da fice hurumin gwamnatin tarayya ne, kotunsa daban take, ta yankinku tana Charlotte, kuma Babban Jojin jiha ba shi da ta cewa a can. Afuwa ga wanda kotun jiha ta ɗaure kuwa a hannun gwamna take, ba a hannun alƙali ba.

Ga abin da za ku yi gobe da safe. Ku kira lauyan da ya tsaya wa ƙanenka, ku tambaye shi ko ya sanar da ɗaukaka ƙara a baki ranar hukunci, domin doka ta yarda da haka. Idan bai yi ba, a shigar a rubuce kafin kwana 14 su cika. Ƙarar za ta fara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara mai alƙalai 15, waɗanda suke zama uku-uku, kuma galibin ƙararraki a nan suke ƙarewa, saboda Kotun Ƙoli zaɓar waɗanda za ta saurara take yi. Idan ba ku da hali, ku nemi kotu ta naɗa masa lauyan ɗaukaka ƙara. Sannan ka tambayi ƙanenka ko amsa laifi ya yi, kuma ko lauyansa ya gargaɗe shi cewa amsawar tana iya jawo a kore shi daga ƙasar. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2010 a shari'ar Padilla da jihar Kentucky, wannan gargaɗi wajibi ne a kan lauya, kuma rashin yin sa yana iya zama hujjar neman a soke amsawar. Dala dubu ukun nan ku kai su wurin lauyan shige da fice mai lasisi, ku tafi masa da kwafin takardar hukuncin da duk takardun zaman ƙanenka.