Wa Ke Riƙe da Birnin Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon ɗinki a Ɗorayi. Duk shekara ina biyan kuɗin shago a ba ni rasit, amma da damina ta sauka kwatar gabana ta toshe, sai na rasa ƙofar da zan ƙwanƙwasa. Nakan ji ana cewa magajin garin Landan a rediyo. To wane ne namu na Kano, kuma daga ina kuɗinsa ke fitowa? Daga wani tela a Ɗorayi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa sana'a albarka. Kano ba ta da irin wannan magajin garin. Abin da muke kira cikin gari da kewaye an yanka shi ƙananan hukumomi takwas: Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Kowacce da ciyaman ɗinta da kansilolinta, kuma ba wanda ke saman ɗan'uwansa. Tsarin ya samo asali daga gyaran 1976, wanda ya maye gurbin En'e, lokacin da baitulmali ɗaya ke riƙe da gari.

A takarda, tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, mahauta, kwashe shara, sa wa tituna suna da rajistar haihuwa. A aikace kuwa jiha ta ɗauki manyan. Shara tana hannun REMASAB, izinin gini na KNUPDA, titi na 'yan KAROTA, Kantin Kwari kuma gwamna ne ke naɗa shugabanta. Shi ya sa nakan ce wa masu tambaya, in dai ana neman mai riƙe da birnin gaba ɗaya, to gwamna ne, ga kuma ƙananan hukumomi 36 na waje suna jiransa.

Maganar kuɗi ita ce ta fi damuna. Kuɗin shagonka da na rumfa da na tasha ba su taka kara sun karya ba. Mafi yawan kuɗin ƙaramar hukuma daga Abuja yake zuwa duk wata. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna raba kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, da kashi 35 na harajin VAT. Wajen rabon kuɗin asusun tarayya a tsakaninsu, kashi 40 daidai-wa-daida ake yi, yawan jama'a kashi 30 kawai yake ci. Ka ga ke nan Dala mai cunkoso ba ta samun abin da ya kai nauyinta. Daga ciki kuma ake biyan albashin malaman firamare da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi, sai abin da ya rage a yi aiki.

Shekara da shekaru kuɗin yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo. Na yi murna da hukuncin, sai dai ko an bi shi sau da ƙafa, ciyaman ɗin da abincinsa ke fitowa daga sama, sama zai riƙa kallo. Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin mai biyan kuɗin shago irinka shi ya fi cancanta a saurara.

Game da kwatarka, in ta cikin lungu ce, ta ƙaramar hukuma ce. In a bakin babban titi take, ta jiha ce. Ku haɗu ku masu shaguna a layin, ku rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, ku kai wa kansilan mazaɓarku, ku kai kwafi sashen ayyuka a sakatariya a buga muku hatimin karɓa. Ka tafi da rasitanka, kuma ku fara tun bazara kafin ruwa ya sauka.