Ku Tambaya Mu Amsa: Za mu sayi manhaja a ofis, ta ina ake farawa?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah shawara nake nema. Ina aiki a sashen ajiye katin marasa lafiya a wani asibitin gwamnatin tarayya, to an ce za a daina amfani da fayil ɗin takarda a koma kwamfuta kuma an sa ni cikin kwamitin. Wani kamfani ya zo ya haska mana manhajarsa a majigi, oga ya ce ta yi masa a ba su aikin kawai. Ni dai hankalina bai kwanta ba wallahi. Haka ake yi?
Daga wata ma'aikaciyar asibiti

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Gaskiyarki, ba haka ake yi ba. Tun 2007 akwai dokar ba da kwangilolin gwamnatin tarayya, ita ce ta kafa hukumar BPP da ke Abuja mai sa ido kan ba da kwangila, kuma ƙa'idarta ita ce a buɗe tenda, wato a yi shelar neman masu son aikin, kowa ya shigo a yi gasa. Ɗauko kamfani ɗaya a miƙa masa aiki sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kamar gaggawa ko a ce shi kaɗai ke da kayan, kuma manhajar asibiti ai masu yin ta suna da yawa. In kuɗin kaɗan ne ana iya neman farashi daga kamfanoni aƙalla uku a kwatanta. Sannan tunda aikin kwamfuta ne sai an kai wa NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ta duba ta amince tukuna, wannan mutane da yawa suna mantawa da shi sai an zo biya rigima ta tashi.

Amma ni abin da ya fi damuna a labarinki shi ne kun fara daga kallon kaya. Kamata ya yi ku fara zama ku rubuta abin da kuke buƙata, ke da nas-nas da masu ba da magani da 'yan lab da masu karɓar kuɗi, mutum nawa ake gani a rana, kwamfuta nawa za a jona, me zai faru in an ɗauke wuta ko netwok ya tafi ga layi har bakin ƙofa, tsofaffin katunan da ke jibge a sito wa zai shigar da su kuma wa zai biya. Wannan takardar ita ce zuciyar tendar gaba ɗaya. In kuka bari kamfani ya rubuta muku to zai auna ta daidai da kayansa ne yadda ba wanda zai iya cikawa sai shi, kuma kar ku sa sunan wani samfuri a ciki, aikin da kuke so a yi za ku bayyana.

Daga nan sai talla a jaridun ƙasa aƙalla biyu da mujallar tenda ta gwamnati, a ba mutane lokaci su shirya. Galibi ambulan biyu ake karɓa, ɗaya na bayanin aiki ɗaya na farashi, a buɗe a bainar jama'a gaban masu nema da 'yan sa ido daga waje. Wanda bai ci makin aiki ba ba a ma buɗe ambulan kuɗinsa. Kuma ki lura, doka ba ta ce mafi araha kawai ba, mafi araha ne cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa.

To a nan ne sayen manhaja ya bambanta da sayen kujeru ko siminti, don kujera in an kawo an ƙirga shi ke nan, manhaja kuwa ranar da aka saka ta ranar aka fara kashe mata kuɗi. Ku tambayi kuɗin shekara biyar ba na ranar farko ba, lasisi duk shekara nawa ne, da naira ne ko da dala, gyara fa, horar da ma'aikata fa, saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan, a ina za ta zauna. Wani zai karya farashi ya samu shiga, shekara na zagayowa ya kawo muku bil ɗin da ba ku iya biya kuma ba ku iya fita don duk bayananku na hannunsa. Shi ya sa dan Allah ki dage a rubuta ɓaro-ɓaro cewa bayanan marasa lafiya mallakar asibiti ne, duk ranar da aka rabu za a miƙo su cikin tsarin da wata manhajar za ta iya karantawa ba tare da ƙarin ko sisi ba. Sirrin mutane ne fa, ciwon da wani bai gaya wa ko matarsa ba yana ciki, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora muku nauyinsa.

Biya kuma kashi-kashi, kafin alƙalami sai da garantin banki ko na inshora, sauran sai an gwada a sashe ɗaya da marasa lafiya na gaske an ga tana aiki. Ku je da ƙafarku asibitin da suka ce sun yi wa aiki ku tambayi mai zama gaban kwamfutar. In aka ce a datsa kwangilar gunduwa-gunduwa don kar ta kai adadin da sai BPP ta sa hannu, kar ki sa naki hannun, laifi ne a dokar. Shi kuma oga ki same shi cikin ladabi ki nuna masa bin ƙa'idar nan shi zai fara karewa ranar da masu binciken kuɗi suka zo.

TAMBAYA: Malam ina da ɗan kamfanin haɗa manhaja mu huɗu ne, sau uku muna shiga tenda ko ambulan kuɗinmu ba a taɓa buɗewa ba. Ko dai sai da ɗaurin gindi ne?
Daga wani matashi a Kano

AMSA: Ƙanena, son kai akwai shi ba zan ɓoye maka ba, amma ka fara duba takardunka don da yawa tun a nan ake zubar da su. Rajistar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, shaidar biyan haraji ta shekara uku, satifiket ɗin hukumar fansho PenCom da asusun horar da ma'aikata ITF da asusun inshorar ma'aikata NSITF in sharuɗɗansu sun hau kanku, rajista a rumbun bayanan 'yan kwangila na BPP, rahoton odita, da takardar rantsuwa daga kotu, ɗaya ta ɓace ko ta ƙare aiki an fitar da kai tun ba a kalli manhajarka ba. Ka karanta tallar layi-layi ka jera su yadda aka nema. In shaidar ayyukan baya ce ke kayar da ku, ku haɗa gwiwa da kamfanin da ya girme ku a rubuce, ko ku fara da makarantu da asibitoci masu zaman kansu kuna karɓar takardar kammala aiki kuna ajiyewa. In kuma ka tabbata an zalunce ka, kana da kwana 15 na aiki ka rubuta ƙorafi ga shugaban ma'aikatar, in bai gamsar da kai ba ka wuce BPP, daga nan sai babbar kotun tarayya. Wannan na tarayya ne, jihohi irin su Kano da Kaduna kowacce da tata dokar da hukumarta, sai ka duba ta inda ka nema.