Zuwa ga 'yata mai jinyar Baba

'Yata, saƙonki ya ba ni dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai ko rashin albarka ne ki ɗauko wadda za ta riƙa kwana da Baba, ke ki samu ki runtsa? Ni lokacin da kika turo shi ma ya fi damuna, ƙarfe 3 na dare.

Ina amarya surukata ta samu shanyewar ɓarin jiki. Likita ya ce a riƙa juya ta duk bayan awa 2, in ba haka ba gyambo zai ci ƙugunta da duga-duganta. Ni ce juyi, ni ce tsarki, ni ce wankin zannuwa. Wata asuba na ɗebo ruwa zan goge mata jiki, sai na tsaya a bakin ƙofa na rasa abin da ya kawo ni. Ruwa na zuba a ƙafata ina kallo. Tana daga ciki tana kirana da sunan 'yarta da ta rasu, ni kuwa zuciyata cewa take in ajiye kwanon nan in kama hanya. A haka Gwaggo ta same ni. Ko faɗa ba ta yi ba. Ta karɓe kwanon, ta tura ni ɗakinta ta ja ƙofa. Da na farka na fito ina sunkuyar da kai, sai ta ce, "Mai jinya ma majinyaci ne, shi dai ba a zuwa duba shi." Daren nan ta tara mutanen gida ta raba kwana, har da mazan, masu gunaguni ta ce musu hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To ku fa yanzu? Kowa ya tura kuɗi ta waya, ya bugo ya ce ya jikin Baba, shi ke nan ya sauke nauyi. Wa ya taɓa tambayar ki ya naki jikin? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake ɓatawa wajen kula da masu gigin tsufa irin na Baba, mata ne ke ɗauke da shi. Da ni suka tambaya da na hutar da su.

Ayar nan ta 23 a Suratul Isra'i da suke tsorata ki da ita, gaskiya ce, ba a ce wa iyaye ko uffan. Amma mahaifina yakan ce wanda bai yi barci ba, bakinsa ba nasa ba ne.

Batun baƙuwa kuwa, mai irin wannan ciwon yakan ƙara rikicewa da yamma, sabuwar fuska tana iya firgita shi. Wannan sai mun zauna. Ki fara zuwa a auna jininki, ciwon kan nan da kike faɗa bai kwanta mini ba. Ki kuma turo mini lambar yayanki, ni zan kira shi da kaina.