Gwiwar ƙanena ta daina ciwo, ya koma fili ko ya tsaya a yi masa aiki?

TAMBAYA: Salamu alaikum likita, dan Allah a taimaka min da shawara hankalina a tashe yake. Ƙanena yana karatu a wata jami'a a Amurka, sikolashif ɗin ƙwallo ya samu, rukuni na ɗaya na NCAA, wato hukumar wasannin jami'o'in Amurka, yake bugawa. A wasansu na biyar cikin Satumba ya zo zai yanke ɗan baya, ba wanda ya taɓa shi, kawai ya ji gwiwar ta yi ƙas ya faɗi. An yi hoton MRI sun ce ACL ce ta tsinke, wato jijiyar tsakiyar gwiwa mai riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri, wai sai an yi aiki kuma ba ƙwallo sai bayan wata 9 zuwa shekara. To amma yanzu sati shida kumburin ya sace, ciwo babu, har sassarfa yake yi. Tim ɗinsu kuma ta shiga cikin 25 na sama, ana sa ran za su je gasar ƙasa a Nuwamba. Shi yana so a ɗaure ƙafar a yi masa allura ya buga, a gida kuma su Baba sun ce kar a yarda a yanka yaro, ya dawo hutun Disamba a kai shi wajen mai ɗori. Tsorona kar a ƙwace masa sikolashif. Ya za mu yi? Daga wani mai bibiya a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Bari in ba ka amsar tun kafin ka gaji da karatu: kar ya buga. Ko minti biyar kar ya shiga a wannan kakar. Maganar sikolashif kuma zan zo kanta a ƙasa, ita ce ma mafi sauƙi a cikin abin da ka lissafo.

Abin da ya fi damuna a saƙonka shi ne wannan kalmar ta "ciwo babu", don wallahi ita ce kalmar da nake ji kusan kullum a ɗakin gashi, daga bakin yaran akadami, daga bakin masu buga gasar unguwa, har da manya masu buga ƙwallon Lahadi. Mutane sun ɗauka ciwo shi ne ma'aunin rauni, in ya tafi to an warke. A targaɗen idon sawu wannan lissafin yana ɗan tafiya, a ACL kuwa ganin kitse ake wa rogo. Zafin da ya ji a makon farko jini ne ya taru a cikin gaɓar ya cika ta tam, ga kuma ƙasusuwan da suka daki juna lokacin da gwiwar ta goce. Jiki yana shanye wannan jinin cikin 'yan makonni ko an yi magani ko ba a yi ba, ƙujewar ƙashin ma tana lafawa. Ita jijiyar da ta tsinke tana nan yadda take. Tafiya da sassarfa a miƙe ba sa buƙatarta sosai, naman cinya yana ɗaukar aikin, shi ya sa za ka ga mutum ba ACL yana hawa bene yana tuƙa mota har ya yi gudun safe. Aikinta yana fitowa ne lokacin da ƙafa ta kafe a ƙasa jiki ya juya, ko aka taka birki cikin gudu, ko aka sauko daga sama bayan an sa kai. Ka duba ka gani, ƙwallo ai ba komai ba ce sai waɗannan ukun.

To me zai faru in ya shiga? Zai iya yin minti 20 lafiya lau har 'yan kallo su yi tafi, sai a juyi ɗaya ƙwauri ya zame gaba ya bar cinya a baya. Duk zamewa ɗaya guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan nan biyu, wanda muke kira meniskus, shi ake niƙawa. Ita ACL ana iya sake ta, a ciro jijiya daga ƙasan ƙoƙon gwiwa ko bayan cinya ko gabanta a dasa. Meniskus in ya yage yadda ba zai ɗinku ba yanke shi ake a cire, kuma ba ya sake tsirowa. Daga nan ƙashi ya fara gogar ƙashi, yaro ɗan shekara 21 ya sayi amosanin gaɓa da zai zo masa tun bai kai 40 ba, ka gan shi yana sallah a kan kujera jikokinsa ma ba a haifa ba. Na ga irinsu da yawa, kuma kusan dukkansu labarin ɗaya ne, "ai ta daina ciwo shi ne na koma".

Allurar kuma da yake magana, ita ce ta fi ba ni haushi. Allurar kashe zafi ba ta ɗinke komai, ƙararrawar kawai take kashewa gobara na ci. Shi da ma ba ciwo yake ji ba, to me allurar za ta yi masa? Sai dai ta sa in gwiwar ta goce a fili bai ji ba ya ci gaba da gudu a kai. A nan gida kemis ne yake yi wa yara diklofenak a ɗuwawu kafin wasa, wani ya ɗora da tiramadol, koci yana kallo yana cewa yaron akwai zuciya. Bandeji da takalmin gwiwa ma haka, suna sa mutum ya ji kamar an riƙe shi, amma ƙarfin da ke bi ta gwiwa lokacin da ƙaton saurayi ya juya a guje ya fi ƙarfin roba da ƙarfen da aka ɗaura ta waje.

Sai maganar su Baba. Ka ba su haƙuri ka yi musu bayani a hankali, tsoron wuƙa ba laifi ba ne. Amma mai ɗori ƙashi yake lalubawa da hannu, ita kuma wannan jijiyar a can tsakiyar gaɓa take, tsakanin ƙasusuwa, cikin ruwan gwiwa, babu yatsan da zai kai wajenta. Hoton ƙashi na eksire ma ba ya nuna ta, shi ya sa ake cewa "an yi hoto ba a ga komai ba" sai a koma gida da murna. Abin da ke faruwa a wajen ɗori na san shi kamar yunwar cikina: a ja ƙafa, a murɗa, a ce an mayar da ita, a shafa man zafi, wani ma har da tsaga, a ɗaure da kara sati huɗu. Kumburin da da ma zai sace da kansa ya sace, mai ɗori ya karɓi yabo. A kwance ƙafa a ga cinya ta tsotse kamar sanda, gwiwa ta ƙage ba ta miƙewa ba ta lanƙwasuwa, sannan a kawo mana. Gyaran gangar Auzinawa kenan. Kuma ka lura, ɗan da suka ce sun warkar wanda ake ba ku labarinsa a majalisa, ba wanda ya yi masa MRI, wataƙila jijiyar gefe ce ta MCL wadda ita tana haɗewa da kanta cikin makonni. Naku an gani a hoton MRI.

Don in yi adalci, ba kowa ne mai tsinkakkiyar ACL ake yi wa aiki ba. Ɗan kasuwa ko malamin makaranta da ba ya wasan juye-juye zai iya rayuwarsa da gashi da motsa jiki kawai. Akwai ma masu bincike da ke gwada kulle gwiwa a lanƙwashe na makonni tun daga farkon raunin ko jijiyar za ta haɗe a wasu mutane. Amma ko wannan a ƙarƙashin likita ake yinsa, watanni ne ba ƙwallo, babu hanyar da ta ƙare da "ka buga a Nuwamba".

Wata 9 ɗin ma ba mugunta ba ce. Jijiyar da aka dasa sai ta yi rauni tukuna a watannin farko kafin jiki ya karɓe ta ta yi ƙwari, kuma daidai lokacin ne yaro yake jin ya warke. Wani bincike da aka yi tsakanin Delaware da Oslo, aka fitar a 2016, ya nuna duk wata ɗaya da aka jinkirta komawa wasa har zuwa wata na tara, haɗarin sake jin rauni yana raguwa da kusan rabi. A matasa 'yan ƙasa da shekara 25 da suka koma wasa, kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar suna sake tsinka ACL, ko ta da ko ta ɗaya ƙafar. Kuma kalanda kaɗai ba ta isa ba, sai an auna ƙarfin cinyar ya kai aƙalla kashi 90 na lafiyayyar, ya ci gwajin tsalle da ƙafa ɗaya. Van Dijk ya ji nasa a Oktoba 2020 a wasan Everton, bai sake bugawa ba sai bayan wata tara. Rodri ya ji nasa a Satumba 2024 a wasan Arsenal, sai Mayu 2025 aka gan shi. Waɗannan masu likitoci a aljihu kenan, ƙaninka ya fi su ƙashi mai kyau ne?

Yanzu teburi. Jadawalin 25 ɗin nan da kuke dubawa duk sati ƙuri'ar kociyoyi ce ta ƙungiyar United Soccer Coaches, ba shi ke kai tim gasar ƙasa ba. Tim 48 ke shiga, wasu ta hanyar cin kofin ƙaramar gasar da suke ciki, sauran kwamiti ne ke zaɓa yana duba lissafin RPI, wato ma'aunin ƙarfin tim bisa sakamakon wasanninta, da irin waɗanda aka doke. Daga nan sili ɗaya ƙwale ne har College Cup, wato wasannin kusa da na ƙarshe da na ƙarshe, a Disamba. Vermont da ta ɗauki kofin 2024 ko cikin 16 da aka ba matsayi ba ta, ta doke Marshall 2 da 1 a ƙarin lokaci. Ma'ana abin nan kowace shekara juyawa yake, baɗi ma akwai wani. Kuma tsarin kakar tasu shi kansa masifa ne ga gwiwa, daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba a cusa wasa kusan 18, sau da yawa biyu a sati, ga tafiye-tafiye ga jarrabawa. Gajiyayyiyar ƙafa ita ce take sauka a karkace.

Ga abin da nake so ka kira shi ka gaya masa yau. A ƙa'idar NCAA da aka daɗe ana aiki da ita a rukuni na ɗaya, wanda ya ji raunin da ya kashe masa kaka a rabin farko, kuma bai buga fiye da kashi 30 na wasannin ba, ana iya mayar masa da shekarar ya sake bugawa. Wasa 5 cikin 18 yana ciki. Amma in ya taka fili a rabin kaka na biyu, ko canji ne na minti ɗaya, ya ƙona wannan damar. Kenan in ya shiga a Nuwamba ga gwiwa ta tafi ga shekara ta tafi. Kuma ba kai tsaye ake bayarwa ba, nan ne takardun Turawa ke cin rai, makaranta ce za ta nema a madadinsa kuma sai da rahoton likita na lokacin da abin ya faru. Ya je ofishin da ke kula da bin ƙa'idojin wasanni a makarantarsu, wanda suke kira kwamfulayans, ya tambaya a rubuce ta imel, ya ajiye kwafin MRI da duk takardar da likita ya sa wa hannu, kar ya tsaya a "koci ya ce ba matsala". Dokokin nan suna yawan canzawa a 'yan shekarun nan, su ne za su faɗa masa yadda take a bana.

Sikolashif kuwa, doka ta hana a soke ko a rage tallafin ɗan wasa a cikin wa'adin da aka ba shi saboda rauni. Daga Agusta 2024 ma an wajabta wa makarantun rukuni na ɗaya ɗaukar kuɗin maganin raunin da aka ji a wasa har shekara biyu bayan ɗalibi ya bar makaranta. Ya ɗauko takardar da ya sa wa hannu ya duba ta shekara ɗaya ce ko ta shekaru. Abin da zai jawo masa matsala shi ne ya ƙi bin likitan tim ya taho gida a murɗe ƙafar ya koma da sabuwar ɓarna. Aikin da mutane a nan suke sayar da fili su yi, shi za a yi masa ba ko sisinku, ku kuma kuna neman mayar da shi wajen kara da man zafi, haba malam.

In burinsa MLS ne, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, hanyar a buɗe take, Abu Danladi ɗan Ghana daga UCLA aka ɗauke shi na ɗaya a diraf ɗin 2017, wato zaɓen sabbin 'yan wasa da kulob-kulob ɗin MLS suke yi. Amma kulob ba ya sa hannu sai likitansa ya ja gwiwa ya gwada, kuma wadda aka gyara ta warke ta fi wadda aka ɓoye daraja nesa ba kusa ba.

Kafin aikin ya dage da gashi, gwiwar ta miƙe sarai, kumburi ya tafi duka, cinya ta farfaɗo, don wanda ya shiga tiyata da ƙagaggiyar gwiwa da ita yake fitowa. In ya ji ta maƙale ta ƙi miƙewa kar ya jira ranar da aka ba shi, meniskus ne ya naɗe, ya koma wajen likita a satin. In kuma aka yi aikin dab da hutun Disamba, to ku haƙura da zuwansa gida sai likita ya yarda, zaman jirgi na awanni bayan tiyata yana iya sa jini ya daskare a sha-raɓa. Idan ya dawo fili ya riƙe ɗumin jikin nan na FIFA 11+, minti 20 ne, kuma a kan 'yan ƙwallon jami'o'in Amurka maza aka gwada shi aka ga raunuka sun ragu da kusan rabi. Ka turo min rahoton MRI ɗin in ga me suka rubuta a kan meniskus, don ba ka ambace shi ba.