Kuɗin mangaza na cinye mini riba: in sayi na'ura ko in haɗa kai da maƙwabta?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ƴar kasuwa ce a Yamai, ina sayar da atamfa da leshi da turaruka da man shafawa da kayan kicin, kuma yawancin cinikina ta WhatsApp da Facebook nake yin sa. Ina da mangaza ta haya kusa da kasuwar Katako, da yara uku masu haɗa kaya, da maigadi guda. Kullum muna aika kaya cikin gari ta hannun ƴan kabu-kabu, muna kuma sa wa motocin bas zuwa Tawa da Maraɗi da Damagaram. Ciniki yana tafiya, alhamdu lillahi, amma idan wata ya ƙare sai in ga haya da albashi da kuɗin kai kaya da asarar abin da aka aika bisa kuskure sun cinye ribar. Ɗana ya nuna mini bidiyon na'urori masu ɗaukar kaya da kansu a rumbunan ajiyar Amazon, ya ce nan mafita take. Wasu ƴan kasuwa biyu maƙwabtana kuma suna so mu kama babbar mangaza guda mu raba kuɗinta. Wanne ya kamata in bi?

Daga wata Hajiya, Yamai

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Kafin ki sa hannu a aljihu domin na'ura, kafin kuma ki amsa wa maƙwabtanki, akwai lissafi guda da nake roƙon ki fara yi, wato ki san nawa kowane ƙunshi yake ci miki tun daga shigowar kaya mangaza har ya isa hannun mai saye. Ki tara hayar wata da albashin yara da na maigadi da kuɗin wuta da kwali da leda da salatif da kuɗin kabu-kabu da na bas, ki ɗora asarar kayan da suka ɓace ko suka dawo, sannan ki raba jimillar da yawan ƙunshin da kika aika a watan. A matsayin misali kawai, idan jimillar ta kai jaka 450 (sefa 450,000) kuma kin aika ƙunshi 900, to kowane ƙunshi ya ci dala ɗari (sefa 500), kuma duk cinikin da ribarsa ba ta kai dala ɗari ba, ke kika biya don a saya a wurinki. Idan kika yi wannan lissafi za ki ga kuɗin sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda ba su motsi ko an yi ciniki ko ba a yi ba, kamar haya da gadi, kuma irinsu ne haɗin gwiwa yake ragewa. Akwai kuma waɗanda suke bin kowane ƙunshi, kamar lokacin neman kaya da kuskuren aikawa, kuma irinsu ne tsari da na'ura suke magancewa. Saboda haka shawarar ɗanki da ta maƙwabtanki ba kishiyoyin juna ba ne, kowace da ciwon da take yi wa magani.

Na'urorin da kika gani a bidiyo gaskiya ne. A shekarar 2012 kamfanin Amazon ya sayi kamfanin Kiva Systems, mai ƙera su, a kan dalar Amurka miliyan 775, kuma aikin waɗannan na'urori shi ne su shiga ƙarƙashin kanta su ɗago ta, su kawo ta gaban ma'aikaci, maimakon ma'aikacin ya yi ta zagaye yana neman kaya. Sai dai an ƙirƙiro su ne domin wurin da albashin ma'aikaci yake da tsada ƙwarai, ake kuma fitar da dubban ƙunshi a cikin sa'a guda, a kan daɓe mai santsi, da wutar lantarki da ba ta ƙiftawa. Mu nan Yamai zafin watan Afirilu da Mayu yana haura digiri 40, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, wuta tana ɗaukewa a daidai lokacin da aka fi bukatarta, kuma idan ƙarfe guda ya lalace sai an yi odarsa daga waje. Kin fi ni sanin abin da hanya ta zama tun bayan rufe iyakar Gaya da Malanbil, tsakanin Nijar da Benin, a 2023, lokacin da kaya da yawa suka bar hanyar Kwatano suka koma ta Lome su ratso Burkina Faso, wadda ta fi tsawo da tsada. Ban ba ki shawarar ki sa kuɗinki a irin waɗannan na'urori ba.

Duk da haka ɗanki ya hango gaskiya guda, domin abin da na'urar take kashewa shi ne tafiya da nema, kuma su ne suke cin mafi yawan lokacin mai haɗa kaya a kowace mangaza, babba ko ƙarama. Na taɓa zama a wata mangaza a nan cikin gari ina jiran mai ita, na ga an aiki yaro ya ɗauko turmin atamfa guda. Ya hau kan tulin kwalaye, ya sauke uku, ya farke biyu, ya mayar, ya sauko yana share gumi da gefen riga, ya ɗauki waya ya kira abokin aikinsa da ya fita cin abinci don ya tambaye shi inda aka ajiye launin da ake nema. Duk wannan lokaci ɗan kabu-kabu yana bakin ƙofa yana danna ham. Yaron ba malalaci ba ne. Taswirar mangazar ce gaba ɗaya take cikin kan mutum guda, ranar da ya yi zazzaɓi kuwa aiki ya tsaya.

Maganin wannan bai wuce aikin mai walda da gwangwanin fenti ba. A yi miki kantoci na ƙarfe, a ɗaga su daga ƙasa saboda damina da gara, a ba kowane layi harafi, kowane gurbi lamba, yadda za a ce kaya kaza yana B-12 kuma ko baƙon yaro ya je ya ɗauko. Ki duba littafin cinikinki na wata uku, za ki tarar ƴan kayayyaki ƙalilan ne suke fita kullum, saura kuwa sai jifa-jifa. Masu fita kullum su zauna kusa da teburin ɗauri, daidai tsayin ƙugu, masu jinkiri su koma can ciki ko sama. Man shafawa da duk abin da yake da ranar lalacewa a jera shi yadda wanda wa'adinsa ya fi kusa zai fara fita. Kayan da suka shekara ba su motsa ba kuwa ki karya farashinsu su tafi, domin kowane wata suna cin haya ba su biya.

Bayan an yi wannan ne na'ura take da amfani, kuma wadda ta dace da ke tana cikin jakarki. Lambar nan mai layi-layi da ke jikin kwalaye, wadda ake kira bakod, tun 1974 aka fara karanta ta a kanti a Amurka, yau kuwa kyamarar waya ma tana karanta ta. Da ƙaramar na'urar buga lamba, da waya ko na'urar karantawa ta hannu, da manhajar lissafin kaya, duk abin da ya shigo a karanta lambarsa, duk abin da zai fita a sake karantawa kafin a ɗaure. Idan yaro ya ɗauko launin da ba shi aka saya ba, wayar za ta nuna tun kayan ba su hau bas ɗin Damagaram ba, kuma kin san kuskure guda a wannan hanya kuɗin mota uku ne: zuwa, dawowa, da sake aikawa, ban da ɓacin ran mai saye. Ana iya farawa da manhajar lissafi ta Excel, idan aiki ya yi yawa a koma manhaja irin Odoo, wadda take da sashen kula da kaya kuma tana aiki da Faransanci. Ki tabbatar an tanadi ƙaramin faifan sola da batir, ki kuma tambayi mai haɗa miki yadda za a ci gaba da aiki idan intanet ta yanke. Sharaɗin da ba a sassauta shi guda ne: kada wani kaya ya fita ba a rubuta ba, ko da ke ce kika ɗauka za ki kai gudummawar biki. Daga ranar da mai gida ta fara keta wannan doka, lissafin da ke cikin waya ya zama ƙarya.

Game da maƙwabtanki, a ganina nan ne babban sauƙin yake, nan ne kuma babban haɗarin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma maigadi guda yana iya tsaron kayan mutum uku kamar yadda yake tsaron na mutum ɗaya. Haka haya da wuta da mai rubuta shige da fice. Ajiyar haɗin gwiwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Manoman karkara sun daɗe da tsarin warantaji, inda suke tara hatsi a mangaza guda bayan girbi su karɓi bashi a kansa, a rufe ƙofar da kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiyar manoma, ɗaya a hannun asusun da ya ba da bashin, yadda babu mai buɗewa sai da ɗan uwansa. Abin koyi a nan shi ne ba a bar amana ta tsaya a kan fatar baki ba, duk da cewa mutanen ƴan gari ɗaya ne.

Ku ma ku rubuta komai, tun ana dariya. A rubuta faɗin wurin kowa da abin da zai biya gwargwadonsa, da wanda zai ɗauki asara idan kaya sun ɓace, da ranar ƙidaya, da wa'adin da mai son fita zai bayar. Kowa ya samu sashensa mai raga da kwaɗo, mai kula da mangazar kuma kada ya zama ɗan gidan ɗayanku. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar take cikinta, ta tanadi tsarin ƙungiya da ake kira GIE domin irin wannan haɗaka, amma ki sani cewa a cikinsa kowane ɗan ƙungiya yana ɗaukar nauyin bashin ƙungiyar har da dukiyarsa ta kansa, don haka ki nemi bayani a Maison de l'Entreprise, ofishin rajistar kamfanoni, ko wurin notar, mai tabbatar da takardun yarjejeniya, kafin ki sa hannu. Ku kuma yi maganar inshorar gobara. Babbar Kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, Ƙaramar Kasuwa ta ƙone a 2012, kuma tara dukiyar gida uku a ƙarƙashin rufi guda yana nufin wuta guda ta isa ta durƙusar da ku duka. Abu na ƙarshe da zan ja hankalinki a kai shi ne lambobin wayar masu sayenki. Idan maƙwabtan nan irin kayanki suke sayarwa, wannan jeri shi ne jarinki na gaskiya, kada ya shiga manhajar da kowa yake gani.

Da ni ne, ba zan fara da kama haya ba. Zan fara da haɗa kai wajen kai kaya har wata biyu ko uku: a tsayar da lokacin fita biyu a yini, a raba gari shiyya-shiyya, mai babur guda ya ɗauki na Harobanda na ku ukun, wani ya ɗauki na Talaje da hanyar filin jirgi, a kuma kai na tasha a tafiya guda. A nemi kowane mai saye ya turo alamar wurinsa ta WhatsApp, ya kuma biya ta waya ko ta kamfanonin aika kuɗi kafin kaya su fita, don a daina yawon neman gida da dawo da kaya. A cikin waɗannan watanni za ki ga wanda yake biyan kasonsa a kan lokaci da wanda sai an bi shi, kuma da wannan za ki yanke shawarar mangaza.

Tambaya:

Malam, ni magajin mangaza ne a Tawa, shekarata tara ina riƙe littafin shige da ficen shinkafa da sukari da mai. Yanzu mai gidana ya kawo kwamfuta da wani yaro da zai riƙa shigar da lissafi. Shin abincina ne ya ƙare?

Daga wani mai karatu, Tawa

Amsa:

Ɗan'uwa, na fahimci damuwarka, kuma ba zan ɓoye maka ba, rubutun littafi da hannu yana kan hanyar ƙarewa. Amma kwamfuta abin da aka faɗa mata kaɗai ta sani. Ba ta jin warin buhun da ruwa ya taɓa a hanyar Ƙwanni, ba ta gane buhun da aka zuƙe da bututu aka ɗinke, ba ta kuma san direban da sai an ƙirga kayansa sau biyu ba. Ka je wurin mai gidanka tun bai neme ka ba, ka ce kana so a koya maka, ka zauna kusa da yaron nan kullum bayan la'asar, kai kana nuna masa kaya shi yana nuna maka allo. Ka kuma roƙi a ci gaba da riƙe littafinka tare da kwamfutar har wata uku, ana gwada su duk ranar Alhamis, domin a farkon irin wannan sauyi kuskuren shigarwa yana da yawa, kuma littafinka ne zai kama shi.