Hukuncin janaretan da hayaƙinsa ke shiga gidan maƙwabci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Maƙwabcina mai sana'ar ƙanƙara ya dasa babban janareta mai shan dizal a jikin katangarmu, bakin salansar yana kallon tagar ɗakin yara. Autarmu tana fama da asma. Na yi masa magana, ya ce filinsa ne, kuma nan ne abincinsa. Ina da haƙƙi a shari'a?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba yarinya lafiya. Kana da haƙƙi, ɗan'uwa, abin da yake yi kuwa bai halatta ba. Manzon Allah (SAW) ya ce: "Babu cuta, babu cutarwa." Imam Malik ya kawo hadisin a Muwaɗɗa, Ibn Majah ma ya ruwaito shi. A kansa malamai suka gina ƙa'idar cewa cuta kawar da ita ake yi. Mallakar fili ba ta ba mutum ikon tura guba cikin huhun 'ya'yan wani.

Mas'alar ba sabuwa ba ce. Shehu Khalil a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, ya ce alƙali yana hukunta hana hayaƙi irin na gidan wankan da ake hura wa wuta, da wari irin na majema. Su ma masu waɗannan sana'o'i abincinsu suke nema, amma ba a karɓi wannan uzuri ba. Hayaƙin girki ne aka yi wa rangwame, domin kowane gida yana buƙatarsa kuma ba ya daɗewa. Injin da ke kwana yana aiki ba ya shiga wannan rangwame. Hayaƙin dizal yana ɗauke da ƙananan ɓurɓushi masu kutsawa can cikin huhu su tayar da asma, kuma a 2012 hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da ke haddasa kansar huhu. Ga kuma iskar kabon monoksaid, ba launi ba wari, wadda ta sha kashe iyali guda cikin barci. Wannan cuta ce tabbatacciya, ba zato ba.

Da a kan rugugin injin kaɗai ka kawo kuka, da maganar ta fi tsawo, don Khalil bai hana ƙarar sana'a ba, ko da yake wasu malamai sun hana idan ta yi tsanani da dare.

Ba rufe masa sana'a shari'a take nema ba. Ya wajaba ya matsar da injin nesa da tagarku, ya ɗaga bututun sama da rufi, ya riƙa yi masa sabis, kuma kuɗin duk daga aljihunsa. Kwamitocin masallatai masu ajiye janareta a lungun maƙwabta, hukuncin nan ya haɗa da ku.

Ka sake samunsa da lalama tare da dattawan unguwa. In ya ƙi, sai mai unguwa, sannan kotu, kuma ka riƙe takardun asibitin yarinyar. Kafin nan a sauya mata ɗakin kwana.

Wallahu a'alam.