Amsa ga 'yar uwar da ta tambaya kan rigakafi a wurin likitan iyali

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Na ga tambayarki, kin ce yarinyarki ta tsallake allura guda kina tsoron ko sai an faro daga farko, kuma ko likitan iyali yana yi wa manya rigakafi ko na yara ne kawai. Bari in ba ki abin da na sani, yara huɗu na raina kuma duk a wurin likita ɗaya muke.

Maganar tsallakewa tukuna, don ita ce ta fi damunki na sani. Ba a farowa. Ɗana na biyu haka ya faru da shi, na kwanta rashin lafiya bayan haihuwa, allurar sati 14 ta wuce mu sai da ya kusa wata shida na kai shi, ina ta fargaba da kunya har na shirya jin faɗa, likita kawai ta duba kati ta ce a ɗora daga inda aka tsaya, jiki bai manta da waɗanda aka yi ba. Don haka gobe ma in kin samu dama ki ɗauke ta ku tafi, ko da tana ɗan mura ba ya hanawa, zazzaɓi mai zafi ne kawai ake jira ya sauka.

Jadawali yana ɗan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, mu dai wanda muka bi shi ne BCG ta tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna tun ranar haihuwa ko kusa da ita, sai sati 6 da 10 da 14 a yi wadda ake ce wa penta, ita kaɗai cuta biyar take tarewa har da mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙe haƙora, ana haɗawa da ta nimoniya da ɗigon gudawa. Wata 9 ƙyanda. To nan ne iyaye da yawa muke sakin jiki, ana ganin an gama, alhali ƙyanda sau biyu ake yi, ta biyun bayan yaro ya shekara. 'Yan mata kuma daga shekara 9 zuwa 14 akwai allurar HPV mai kare su daga sankarar bakin mahaifa, babbar 'yata an yi mata ban yi jinkiri ba wallahi, don na ga yadda ciwon nan ya cinye wata maƙwabciyarmu.

Manya ma ana yi sosai, ni ban sani ba sai da ƙusa mai tsatsa ta soke ni a ƙafa likita ta tambaye ni rabona da allurar tetanus, wato ta sarƙe haƙora, na ce tun cikin ɗan fari, ashe duk shekara 10 ake so a sabunta. Maigida kuma gwajin ciwon hanta nau'in B aka fara yi masa, da aka ga ba shi da shi aka yi masa allura uku, ta farko, sai bayan wata ɗaya, sai wata na shida. Mahaifiyata mai ciwon suga duk shekara ake mata ta fulu, wato mura mai tsanani, an yi mata ta nimoniya ma. Masu tafiya wata ƙasa kuma a tambaya kan allurar zazzaɓin shawara, guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, sai dai ba kowane likita ke da izinin ba da katinta ba.

In kina da ciki ko kina zargin shigarsa ki faɗa kafin a taɓa ki, irin su ta ƙyanda ba a yi wa mai juna biyu. Ki kira su tukuna ki ji ranar da suke yi, wasu alluran sai an yi oda. Kuma don Allah ki ɗauki hoton katin nan a waya, namu ya taɓa jiƙewa rubutun ya goge, da hoton aka sake cike mana sabo. Allah ya raya mana ita.